'Yar Mitsitsiyar Kwamfuta da Kajin Kakau

Ku tambayi kowa daga bakin gadar kogin Kaduna har zuwa Kakau, in dai mai tsoron Allah ne, zai gaya muku ubanku ne ya fara sa kwamfuta ta yi tunani a wannan yanki. Kafin ni, kwamfutocin Tudun Wada katin biki kaɗai suka iya bugawa. Ni na koya musu lissafi. Da waɗanda suka ƙera ta sun ga abin da na yi da ita, da jirgi za su aiko musamman a ɗauke ni, sai dai Allah ya rufa musu asiri labari bai kai gare su ba. Haka nake faɗa a majalisa, haka nake faɗa wa surukai in sun zo gaisuwa, kuma ina ganinku kuna haɗa ido kuna danne dariya. To yau zan rubuta muku yadda aka yi, don uwarku ta rantse in ban rubuta ba ita za ta ba da labarin, ita kuwa ba ta sa wa labari gishiri ko ɗan ƙanƙane.

A shekarar da aka haifi 'yar'uwarku Ummi abin ya faru. Masaƙar da nake aiki a Kakuri ta daɗe da rufewa, ciyawa ta fito a harabarta har ta isa ta ɓoye saniya. Ni kuma na kama wani ɗan shago a bakin layinmu ina buga wa mutane takardu, ranar da aka samu a ci, ranar da ba a samu ba a yi hira. A masaƙar nan na yi aboki, Pam, mutumin Filato da ke zaune a unguwar Television. Shi Allah ya yi masa kai, bayan an sallame mu ya koma makaranta ya koyi rubuta manhaja, wato umarnin da ake shirya wa kwamfuta ta bi ta yi wani aiki, har wani ofis ya ɗauke shi. Duk Asabar nake hawa babur in je gidansa, matarsa ta ajiye mana gwate, shi kuma ya yi ta fama da ƙwaƙwalwata. Da ya ga na fara ganewa sai ya ce lallai in nemi tawa kwamfutar da zan riƙa gwaji a gida. Na shiga kasuwa na fito da abin da ƙarfina ya kai, wata 'yar gwanjo da ake yayi a lokacin, ana ce mata netbuk. Girmanta bai kai farantin shinkafa ba. Ina zura ta a aljihun babbar riga in yi tafiyata, ba wanda ya san ina ɗauke da komai. Maɓallanta kuwa ƙanana, ga yatsuna kamar rogo, in na danna harafi ɗaya sai maƙwabtansa uku su biyo shi.

Na kai wa Pam ita ina taƙama. Ya ɗaga ta da yatsu biyu kamar wanda ya tsinci ɓera.

"Malam Isya, ina uwarta? Wannan ai ba a yaye ta ba."

"Oga Pam, ka raina kama ka ga gayya."

"Ba raini ba ne. Furosesan da ke cikinta, ƙwaƙwalwarta ke nan, an yi shi ne don ya sha wuta kaɗan. Ka karanta wasiƙa, ka duba labarai, ka rufe. Rubuta manhaja? Abeg. Kayan raƙumi za ka ɗora wa ɗan akuya."

Bai rufe baki ba aka ɗauke wuta. Ƙatuwar laftof ɗinsa ta ofis, wadda sai da hannu biyu ake ɗaga ta, ta yi ƙyafta ɗaya ta mutu, don batirinta ya daɗe da barin duniya. Tawa kuwa tana nan tana haske kamar ba ta ji labari ba.

"Raƙuminka ya kwanta," na ce masa. "Ɗan akuya na nan yana kiwo."

Ya yi dariya har da buga cinya, amma bai janye maganarsa ba.

Ana nan sai wani Alhaji Mamman, mai gonar kaji a Kakau, ya zo shagona buga takarda. Muna jira injin ya yi zafi ya fara kukan abincin kaji. Ya ce masara ta yi wuya, in ya sa dawa a madadinta ƙwai ya ragu, in ya ƙara waken suya abin ya fi ƙarfinsa, kuma duk ranar kasuwa sai lissafin ya sake. Likitan dabbobin da ke duba masa gona ya ba shi bayanin abin da kaza ke buƙata da abin da ke cikin kowane hatsi, amma haɗawar ita ce aiki, ga likita ba kullum ake samunsa ba. Ni kuma kun san bakina, yakan riga ni isa wuri. Na ce Alhaji ai wannan ƙaramin abu ne, zan rubuta maka manhajar da za ka gaya wa abin da ke kasuwa yau, ita kuma ta gaya maka haɗin da ya fi sauƙi ba tare da kaza ta ji a jikinta ba. Ya dube ni ya ce gonarsa babu wuta, sai ɗan faifan sola na kunna fitila. Na zaro netbuk daga aljihu na ɗora a tebur, na ce wannan ko hasken farin wata ya ishe ta. Ya ce in ta yi, shi da abokansa masu gonaki a hanyar Abuja duk nawa ne. Bayan ya tafi na zauna na riƙe kai, don ban san ta inda zan fara ba.

A makon ne kuma Yaya Habu ya zo. Ku kun san shi da furfura da alewa a aljihu, amma a lokacin in ya shigo gida ko kaji nutsuwa suke. Shi ya riƙe mu bayan rasuwar Baba, shi ya yi mini aure. Ya zauna a tabarmar Inna, kakarku, ya ce ya yi magana da maigidansa a Abuja, an samar mini aikin kula da sito a wani kamfanin gine-gine. Albashi duk wata. Sai dai ɗaki ɗaya ne mu da wasu, iyali su zauna a Kaduna, in riƙa zuwa in an samu hali.

"Na sa fuskata a maganar nan, Isyaku. Za a riƙe maka wurin har Babbar Salla. Bayan nan babu."

"Yaya, akwai wani aiki da na karɓa, na manhaja."

"Na me?"

Na zaro ta na nuna masa. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya juya wurin Inna.

"Inna, kin gani ko? Mutum da 'ya'ya biyu, ga na uku a hanya, yana yawo da abin wasan yara a aljihu."

Uwarku tana bakin murhu da tsohon ciki, na ji yadda muciya ta canja sauti a tukunya. Da Yaya ya tafi ta ce mini magana ɗaya tak.

"Ni dai ba na so in haihu kana Abuja. Amma ba na so kuma in haihu babu masara a gidan nan. Ka san yadda za ka yi."

Na duƙufa. Dabarar da na yi a farko dabarar ƙato ce: na umarci kwamfuta ta gwada duk wani haɗi da zai yiwu a duniya, masara kaza dawa kaza, dusa kaza waken suya kaza, garin ƙashi, gishiri, ta auna kowanne da buƙatar kaza, sannan ta zaɓo wanda ya fi. Na gama rubutu, na danna, ta fara. Wata 'yar fanka da ke cikinta ta soma kuka siriri kamar sauro ya samu lasifika. Na jira, na jira, aka kira la'asar. Na ajiye ta a kan tebur a falo, na tara ku na ce duk wanda ya taɓa ta zan sayar da shi in sayi batir, na tafi masallaci. Da na dawo na tarar da allonta baƙi ƙirin. Ta mutu, jikinta zafi kamar kaskon masa. Na kunna, na sake dannawa, na zauna gadinta, sai wani ya aiko yana neman a buga masa takarda, na fita. Na dawo, ta mutu. Washegari haka. Jibi haka. In ina zaune tana aiki, amma aikin ba ya ƙarewa kafin wata larura ta fitar da ni, kuma ko sau ɗaya ban dawo na same ta da rai ba. Ranar Asabar na kai wa Pam. Ya juye manhajar a raƙuminsa, ya danna, kafin ya buɗe kwalbar lemo amsa ta fito.

"Ka gani? Rubutunka lafiya lau. Doki ne ba ka da shi. Tana ɗaukar zafi ta kashe kanta don kar ta ƙone. Na gaya maka tun farko."

"To ka ara mini naka."

"Na ofis ne, ka sani. Kuma in ka kai shi Kakau, a jikin bishiya za ka jona shi?"

Na hau babur na dawo gida a hankali, har masu keke suna wuce ni. Raguna sun fara cika bakin titi, Salla ta matso. Ni da ba a raba ni da raha, sai ga ni ina cin tuwo shiru. Na ciro jakar tafiya daga ƙarƙashin gado na kakkaɓe ta. Uwarku ta gani ta kau da kai. Na yanke a raina ranar Juma'a zan je in ce wa Yaya na amince.

Ranar Alhamis na ce bari in yi gwajin ban kwana. Na danna, fanka ta ɗauki kukanta, aka kira azahar na fita. Ban kai kwanar layi ba hadari ya haɗo, na juyo da sauri in ɗauki lema. Kun san ni, in ina dawowa gida tun daga bakin titi ake jin muryata, in tsokani mai shayi, in tsokani mai faci, in yi sallama kamar mai shela. Ranar nan kuwa don sauri ban yi magana da kowa ba, na faɗa falo kai tsaye. Sai na tarar da Inna a tsaye gaban tebur. Ta ninka bargon nan nata mai kauri, ta naɗe kwamfuta da shi tsaf, ta cusa gefe da gefe yadda ko iska ba za ta shiga ba, tana ɗora faifai a sama tana tofa addu'a.

"Inna! Me kike yi?"

Ta ɗan razana, sannan ta daure fuska irin ta wanda ya san yana da gaskiya.

"Me nake yi? Abin da ya kamata ka yi. Ka tafi ka bar baiwar Allah tana nishi, jikinta rau da zazzaɓi. Ka taɓa ganin an bar mai zazzaɓi a buɗe? Ai lulluɓe shi ake ya yi gumi."

"Tun yaushe kike yi mata haka?"

"Tun ranar da ta fara ciwon. Kuma tana jin daɗi, don ina rufe ta ba a jimawa take yin shiru ta samu barci. In na jiyo surutunka daga bakin titi sai in yaye, tunda ka ce kar a taɓa."

Na zauna a ƙasa. Dariya ta zo mini, kuka ya zo mini, babu wanda ya ba wani hanya. Na yaye bargon na nuna mata 'yan ramukan da ke gefe, na ce Inna ta nan take numfashi, zafin nan ba ciwo ba ne, aiki take. Inna ta leƙa ramukan, ta riƙe haɓa.

"Ikon Allah. Ashe shaƙe ta nake. To ai sai ka faɗa, kai ma ba ka yi wa mutane bayani sai barazana."

Na yi sallata a gida. Inna da kanta ta ce in abin sanyi take so, a ɗora ta a kan murfin randa. Muka ɗora. Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, aka ɗauke wuta kamar yadda aka saba, gari ya yi duhu da rana tsaka, mu kuma muka kewaye randa, ni da Inna da uwarku, ku biyu kuna leƙe ta bayanmu. Babu abin da ke haske a ɗakin sai ɗan allon nan. 'Ya'yana, na ga manyan injuna a masaƙa, masu girgiza ƙasa, waɗanda in suna aiki sai da hannu ake magana. Ba su taɓa sa tsigar jikina ta tashi ba kamar 'yar abar nan. Ga ta ba ta kai tafin hannuna biyu ba, babu wuta a unguwa gaba ɗaya, tana zaune a kan randar Inna tana auna haɗi bayan haɗi, adadin da in aka tara duk malaman lissafin Kaduna aka ba su alli sai sun tsufa ba su kai rabi ba. Ba ta gajiya, ba ta tsallake ko ɗaya, ba ta ce bari in sha ruwa. Wani ɗan Adam ne ya zauna ya ƙera ƙwaƙwalwa kamar ƙwayar gyaɗa ta iya wannan, to ina ga Wanda ya ƙera shi ɗan Adam ɗin? Ruwa bai ɗauke ba fanka ta sassauta, amsa ta fito a allo, layi bayan layi. Inna ta yi kabbara. Uwarku ta koma ɗaki, na ji ta tura jakar tafiya ƙarƙashin gado da ƙafa.

Amma da sauran rina a kaba, don babu mai gonar da zai zauna daga azahar zuwa la'asar yana jiran amsa. A nan ne rashin ƙarfinta ya yi mini rana. Tunda kowane umarni na banza sai na ji shi a kukan fanka, sai na fara tambayar kaina me ya sa nake wahalar da ita. Me ya sa za ta gwada haɗin da gishiri ya fi masara yawa, wace kaza ce za ta ci wannan? Na hana ta. Me ya sa za ta ci gaba da auna haɗin da tun daga rabi an ga bai kai ba? Na ce ta watsar ta wuce. Na cire babbar manhajar rubutu da Pam ya sa mini, wadda buɗe ta kaɗai sai na sha shayi na wanke kofi, na koma wata 'yar mara nauyi. Kullum ina ragewa, kullum kukan na gajarta, har ranar da na danna, kafin in gyara zaman hulata amsa ta fito. Da a raƙumin Pam na rubuta ta, da ban taɓa sanin akwai ɓarna a ciki ba, don shi ƙarfi yana rufe wauta.

Sai dai Salla ta riga kaji. Alhaji Mamman ya ce sai ya gwada haɗin a keji ɗaya ya ga yadda ƙwai zai yi, hakan kuwa sai an ɗauki makonni. Dole in ba Yaya amsa babu komai a hannuna. Na je gidansa a Makera, na durƙusa, na ce Yaya ka yi haƙuri, zan zauna. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce to, ya tashi ya shiga ciki. Ya je Abuja ya ba maigidansa haƙuri a kan ƙanen da ya yi ta yabo, aka ba wani wurin. Daga ranar ya daina yi mini magana. In na gaishe shi ya ɗaga hannu. Ranar Salla ya aiko wa Inna da cinya, ya aiko wa uwarku, ni ko hanji. Ina yi muku dariya da shi yanzu, amma a lokacin abin ya yi mini ciwo. Mutumin da ya goya ni zuwa makaranta ne.

Na kai manhajar Kakau a aljihu. Muka zauna a inuwar mangwaro, kaji na ta surutu kamar ana taron siyasa. Likitan dabbobin ya zo, ya duba haɗin da ta bayar, ya gyara mini wani adadi da na shigar ba daidai ba, ya ce sauran ya yi. Aka haɗa, aka ba keji ɗaya. Makonnin nan ban taɓa damuwa da lafiyar wata halitta kamar kajin nan ba. Ko atishawa kaza ta yi a Kakau sai na ji a Tudun Wada. Ƙarshe dai wata safiya motar Alhaji ta tsaya a ƙofar shago, yaransa suka sauke kiret-kiret na ƙwai, shi kuma ya leƙo ta taga ya ce ƙwai bai ragu ba, in shirya, abokansa na jirana.

Pam ya zo ya ga yadda take ba da amsa, ya cire tabarau ya goge ya mayar.

"Na yarda ta iya wannan. Amma ka gwada rubuta manhajar waya a kanta mu gani."

Na gwada daga baya, kuma gaskiyarsa ne, suma ta yi kafin ta buɗe kayan aikin. To kai Abba, da kake ce mini ba za ka fara koyo ba sai na saya maka ƙatuwar laftof, ga amsarka. Ƙaramar ba ta ɗaukar babban kaya, allonta ya ci mini ido har na sa gilashi, kuma ta koya mini haƙurin da ban roƙa ba. Amma aikin da ya yi daidai da ita ta yi shi, a inda babu wuta, kuma da ita na ciyar da ku.

Aka haifi Ummi ina gida, ni na kira mota, ni na yi mata huɗuba. Ranar suna Yaya Habu ya zo, don ko yana fushi ba ya yanke zumunci. Ya zauna can gefe a rumfa, bai dube ni ba. Ni kuma ga jama'a, ga ƙwai an dafa har ana ture shi, sai bakina ya kama aikinsa. Na miƙe ina ba da labarin yadda masu gonaki ke layi a ƙofata, yadda babu kazar da ke buɗe baki tsakanin Kaduna da Abuja sai da izinina. Ana ta dariya. Sai na ga Yaya ya miƙa hannu ya ɗauki ƙwai ɗaya, ya fasa a gwiwarsa, ya ɓare a hankali, ya ci. Ya yafito ni. Na je na durƙusa. Ya ɗora hannu a kafaɗata, karo na farko tun kafin Salla.

"Isyaku, Allah ya raya. Ƙwan ya yi daɗi. Wato dai na nema maka aiki a wurin mutane ka ƙi, ashe kaji ne suka riga ni ɗaukar ka kuku."